Ɗaukar Hoton Wata Daga Tsakar Gida

 Yau sama za mu ɗaga kai.

A ƙasashe da dama akwai mutanen da, in dare ya yi, sai su fito da na'urar hangen nesa tsakar gida, su kafa ta bisa ƙafafunta uku, su kara mata kyamara ko wayar hannu, su duƙufa ɗaukar hoton wata. Wani tela ne, wani malamin makaranta, wani ɗan fansho. Babu mai biyansu ko sisi, sha'awa ce kawai. Abin kuwa ya daɗe. Tun a 1840 wani malami a Amurka, John William Draper, ya ɗauki hoton wata a kan farantin ƙarfe, bayan ya bar haske yana shiga na wajen minti ashirin. Yau wayar da ke aljihunka za ta yi wannan aiki kafin ƙiftawar ido, duk da cewa tsakaninmu da wata akwai tazarar kilomita kusan 384,000.

To, wane dare ya fi dacewa? Da yawa za su ce daren sha huɗu, lokacin da wata ya cika ya yi fes. Wanda ya san harkar kuwa, ranar ce zai naɗe kayansa ya kwanta. Dubi mutum da tsakar rana, inuwarsa na ƙarƙashin ƙafarsa; amma da hantsi ko la'asar sai ka ga ta miƙe. Haka abin yake a can. A daren sha huɗu hasken rana yana dukan fuskar wata kai tsaye, inuwa ta ɓace, duwatsu da ramuka su shafe, hoto ya fito fari fat babu fasali. Amma in wata ya kwana bakwai ko takwas, rabinsa haske rabinsa duhu, to a nan ake cin kasuwar. Ka nufi layin da ya raba hasken da duhun. A wurin rana ke fitowa a doron wata, kowane tsauni ya ja doguwar inuwa, bakin kowane rami ya haskaka alhali cikinsa baƙi ƙirin. Ga kuma sauƙi: a waɗannan kwanaki, ana idar da sallar magariba wata na can sama sosai, ba sai an raba dare ba.

A daidai waɗannan darare ne wasu ramuka biyu ke fitowa sarai kusa da tsakiyar fuskar wata. Ɗaya sunansa Albategnius, wato Al-Battani, masanin taurari da ya yi aiki a Raƙƙa ta ƙasar Sham, ya rasu a shekarar 929. Ɗayan Arzachel, wato Az-Zarƙali na birnin Toledo a Andalus, faɗinsa ya kusa kilomita 100. Wani masani ɗan Italiya mai suna Riccioli ne ya raɗa waɗannan sunaye a taswirarsa ta 1651, kuma har gobe da su ake amfani.

Yanzu ga yadda aikin yake. Za ka daidaita idon kyamarar wayarka da gilashin da ake kara ido a jikin na'urar. Da hannu ma ana yi, sai dai akwai wahala, don ko numfashinka ya isa ya karkatar da ita. Shi ya sa ake sayar da ɗan maƙali mai riƙe waya. Waya kuma tana ganin duhu ya kewaye ko'ina sai ta buɗe ido da yawa, wata ya ƙone ya zama farin dunƙule. Ta manta cewa wata dutse ne da rana ke haskawa. Taɓa fuskar watan a allon wayar, ka ja hasken ƙasa har tabo-tabon nan su bayyana. Sannan ka sa mata ƙidayar daƙiƙa uku ko goma, ka ɗauke hannunka, domin danna maɓalli kaɗai yana girgiza hoton.

Kada ka yi mamaki in ka waiwaya ka tarar wata ya sulale daga cikin gilashin. Duniya ce ke juyawa. Cikin minti biyu kacal yakan gusa da gwargwadon faɗinsa, dole ka riƙa bin sa sannu a hankali.

Babbar abokiyar gaba ita ce iska. Rufin kwano da ya sha rana yini guda yana fitar da zafi da daddare, in ka hango wata ta samansa sai ka ga hoton yana rawa. Matsa zuwa fili. A nan ƙasar Hausa kuma ga hazon hunturu, wanda ke dusashe komai. Daren da aka ɗauke ruwa da damina sama ta wanku ya fi shi nesa ba kusa ba. Gwanaye sun samo wa rawar iska magani: bidiyo suke ɗauka, sai manhaja irin su AutoStakkert ko RegiStax ta tace ɗaruruwan hotunan da ke ciki, ta zaɓi masu kyau ta haɗe su wuri guda. Wannan dabara halal ce a wurina, tunda hasken da ya shigo na'urarka ne. Wayoyin da ke gane wata su ƙawata shi da kansu kuwa, wannan hoton kamfani ne, ba naka ba.

Gargaɗi ɗaya kafin mu rabu. Kada ka kuskura ka juya na'urar nan wajen rana, kada kuma ka bar ta a tsakar gida da rana inda yara za su leƙa. Leƙe ɗaya ya isa ya makantar da ido har abada. In ka gama, rufe ta ka shigar ɗaki.