Daga Libiya Zuwa Jabo: Yadda Yaƙin Nesa Ya Iso Ƙofar Gida

Daren 25 ga Disamba 2025, sama ta yi ja a Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Da gari ya waye, mutane suka fita gonaki suna tsintar ɓaraguzan ƙarfe. Amurka ta ce mayaƙan ISIS ta kai wa hari a Jihar Sakkwato. A teburin mai shayi a Sanyinna na ji wasu na murna, wai mai ceto ya zo. Raina ya ɓaci, domin da irin wannan ruwan bama-bamai aka shuka abin da muke girba.

A 2011 jiragen NATO suka taimaka aka kifar da Gaddafi. Rumbunan makamansa suka watse, mayaƙa suka gangaro Mali, a 2012 Gawo da Timbuktu suka faɗi. Daga wannan yamutsi Lakurawa suka ɓullo Gudu da Tangaza wajen 2018. Kuma gayyato su aka yi, don su kori ɓarayin shanu, saboda hukuma ta yi nisa. Yau su ke karɓar "zakka" da bakin bindiga.

Ƙasar nan ta taɓa ganin wutar maƙwabta ta tsallako. A 1906 Malam Ɗan Makaho ya gudo daga tawayen da Faransawa suka murƙushe a yankin Dosso, ya sauka Satiru, kusa da Sakkwato. A Fabrairu mutanen garin, da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku. A Maris aka shafe garin, aka kashe kusan mutum 2,000. Ban haɗa talakawan Satiru da Lakurawa ba, Allah ya kiyaye. Abin lura shi ne, baƙon ya tarar da zukata cike da haushi ne, shi ya sa aka saurare shi. Yaranmu nawa aka koya wa wannan tarihi a makaranta?

Yanzu baƙon yana cikin waya. Saurayin da aka kore wa shanu, alƙali bai saurare shi ba, ana tura masa bidiyon gawarwakin Gaza, a ce masa yaƙin duk ɗaya ne. Ƙarfen da ya faɗa Jabo ya ƙara wa masu ruɗarsa hujja.

Malamai, ku yi wa samarin nan bayani a kan mumbari tun kafin wani ya riga ku. Gwamnatin Sakkwato kuma ta kai alƙali da ɗan sanda Kebbe da ƙauyukan Tambuwal, su zauna can, su kwana can.