BABUR DA YA DAƊE A AJIYE: Yadda Za A Mai Da Shi Bisa Hanya Ba Tare Da Karya Doka Ba

A Toranke, cikin ƙasar Ajingi, da ƙauyukan da ke kewaye da ita har zuwa Gaya, babur ya zama wa talaka abin da jaki da doki su ka zama wa kakanninsa. Shi ke kai taki gona, shi ke kawo dami gida, shi ke kai marar lafiya asibiti da tsakar dare. Duk da haka in ka leƙa zauruka da gindin rumbuna ba ka rasa ganin babura jingine, an lulluɓe su da tsohuwar tabarma, ƙura ta rufe su. Da yawa daga cikin masu su suna son su tashe su, musamman in kaka ta yi, kuɗi sun shigo hannu. To, su mu ke so mu yi wa bayani a yau, gama tashin babur iri biyu ne, akwai na bakanike, akwai kuma na hukuma, wanda ya yi ɗaya ya bar ɗaya kuwa bai gama aiki ba.

DALILIN AJIYEWA

Ran 19 ga Janairu, 2013, waɗansu 'yan bindiga su ka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari a cikin birni. Ba a yi mako guda ba Gwamnatin Jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a birni da kewayensa. Samarin karkara masu zuwa acaɓa Kano da rani su ka komo gida da baburansu, waɗansu su ka ci gaba da sana'ar a ƙauye, waɗansu su ka jingine. Bayan shekara goma, ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Nan ma aka ƙara jingine waɗansu. Akwai kuma waɗanda masu su su ka tafi cin rani Legas ko Fatakwal, da waɗanda masu su su ka riga mu gidan gaskiya.

FARA DA TAKARDU

Yawancin mutane wurin bakanike su kan fara nufa. Mu dai shawararmu ita ce a fara buɗe adaka tukuna. Mene ne amfanin ka kashe kuɗin buhun gero wajen gyaran abin da ba ka iya nuna shaidar naka ne?

Abin da za a nema shi ne rasit ɗin saye na asali, da takardar shaidar mallaka, da tsohon lasin babur, da takardar da aka ba da lamba da ita. In an same su, sai a share ƙurar inji a duba lambar da aka buga a jikinsa, da wadda ke jikin ƙarfen babur kusa da wuya, a gwada su da abin da ke rubuce, harafi da harafi. Ko ɗaya ya saɓa, a tsaya a gyara a ofis kafin a ci gaba, don wannan shi ne abin da ɗan sanda ke fara dubawa in ana cigiyar babur na sata.

In gara ta cinye takardun, ko ruwan damina ya lalata su, ba a rasa mafita ba. Sai mutum ya kai rahoto ofishin 'yan sanda a ba shi takarda, ya tafi kotu ya yi rantsuwa a rubuce cewa babur nasa ne, takardunsa ne su ka ɓata, sa'an nan ya kai duka biyu ofishin lasin.

Wanda ya sayi babur a hannu, ba sabo ba, ya kamata ya riƙe takardar ciniki mai sa hannun mai sayarwa da shaidu, ya kuma nemi a juya sunan mai mallaka. Shaidar dillali da ta Mai Unguwa suna da daraja a gari, amma fa a shingen gadar Wudil takarda a ke tambaya.

Na gado kuwa sai an yi hattara ƙwarai. Babur da mamaci ya bari dukiyar magada ce duka, har da matansa da 'ya'yansa mata. Babban ɗa ba shi da ikon ɗauka ya gyara ya hau don kawai makulli na hannunsa. A bari a raba gado, ko a gaban malamai da dattawa ko a Kotun Shari'a, a rubuta wanda babur ya faɗa wa, da wannan takarda za a juya suna. Sau da yawa zumunci ya ɓaci a kan abin da bai kai wannan ba.

AIKIN BAKANIKE

Babur irin su Bajaj Boxer da Jincheng suna da juriya, amma zama ya fi tafiya cin ƙarfe. Kada a yi garajen buga shi ya tashi. Fetur in ya daɗe ya kan bushe ya bar wani danƙo mai toshe ƙananan ƙofofin kafireta, tankin da aka bari babu mai kuwa raɓa ta kan sa shi tsatsa daga ciki. Sai a juye tsohon mai, a wanke tanki da kafireta, a sake baƙin mai, a duba fulogi. Batirin da ya shekara ba a caja ba da wuya ya sake riƙe wuta.

Mutanen karkara suna da ƙarin abokan gaba. Ɓera ya kan ci wayoyi ya yi sheƙa a mazaunin matatar iska, zanzaro kuma ya kan gina ɗakinsa a bakin salansa. Ƙurar hunturu in ta haɗu da tsohon mai a kan sarƙa sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye haƙoran da sarƙar ke hawa.

Abu biyu ba a yin rowa a kansu, watau taya da birki. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. A duba gefenta, in ta yi tsaga-tsaga kamar faso a canza ta, ko da zanenta bai suɗe ba. A jikin yawancin tayoyi akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. Wayar birki kuma ta kan yi tsatsa a cikin rigarta, ta tsinke ran da a ke bukatarta. A gwada fitilar gaba da ta baya, da sigina, da ham, a mai da madubai in an cire.

AIKIN HUKUMA

Lasin babur na wata goma sha biyu ne, saboda haka duk babur da ya shekara a zaure lasinsa ya mutu. A Jihar Kano Hukumar Tara Haraji ta Jiha ita ke da ofisoshin sabunta shi. Ma'aikatan duba lafiyar abin hawa, waɗanda jama'a ke kira VIO, su ke shaida cewa ya cancanci hawa titi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da tsarin lambobi da lasin tuƙi na ƙasa duka. A tafi da katin shaidar ɗan ƙasa, gama yanzu ana neman lambarsa.

Wanda baburinsa bai taɓa samun lamba ba, ko ya ke ɗauke da tsohuwar da aka yi kafin sabon tsarin 2011, sai ya nemi sabuwa. Bisa farashin da aka sanar a watan Yuni, 2025, lambar babur naira 12,000 ce, lasin tuƙin babur na shekara uku 7,000, na shekara biyar 11,000. Lasin tuƙi dabam ya ke da lasin babur, ɗaya na mutum ne, ɗaya na ƙarfe. Ba a kuma ba yaron da bai kai shekara 18 ba, iyaye su lura da wannan.

Sai inshora, wadda mutane da yawa ke ɗauka wani haraji ne kawai. Ba haka ba ne. Tun 1945 aka fara kafa dokarta, manufarta kuwa in ka buge wani ko ka ɓata masa dukiya, kamfani ya ɗauki nauyin biya. Tun daga 1 ga Janairu, 2023, aka sa kuɗin ta babur naira 3,000 a shekara, tana kuwa ɗaukar ɓarnar dukiya har ta naira miliyan ɗaya. Ran 1 ga Fabrairu, 2025, 'yan sanda su ka soma tsananta binciken ta a ƙasa duka. Ku dubi manomin da ya buge saniyar wani ko ya fasa fitilar mota ba shi da inshora, ai gonarsa ce za ta biya. Amma a yi hankali da masu zama gindin bishiya a bakin ofis suna sayar da ta jabu da araha. A saya wurin kamfani mai rajista, a kuma sa wani mai waya ya duba ko sunan babur ya shiga rumbun bayanan kamfanonin inshora. Kowane kuɗi aka biya a karɓi rasit na Gwamnati.

A BISA HANYA

Tun 1 ga Janairu, 2009, aka soma tilasta sa hular kwano, ga mai tuƙi da wanda ya goya. Mun san ana kukan zafi, ana kuma cewa ba ta zama a kan hula ko rawani. To, amma raunin kai shi ne ya fi kashe masu babur, asibiti kuwa da nisa.

Wanda ke nufin yin acaɓa ya sani dokar 2013 ba ta shafi Ajingi da Gaya ba, birni da kewayensa ta shafa. Ya sanar da Mai Unguwa, ya yi rajista a Ƙaramar Hukuma, ya yi sana'arsa a ƙasarsu. In ya ɗauki fasinja ya shiga da shi birnin Kano, ya gamu da 'yan KAROTA ko 'yan sanda, kada ya ce ba a gaya masa ba. Haka kuma Ajingi tana iyaka da Jihar Jigawa, mai zuwa Dutse ko kasuwannin can ya riƙe takardunsa a jika, cikin leda don ruwa, ya bar kwafinsu a gida.

Kwanakin farko a tafi a hankali, a tsaya kusa da gari, a saurari ƙarar inji, a sake ɗaure duk kusar da ta saki. Hannun mahayi ma ya kan manta, shi ma yana bukatar ya sake sabawa.

Muna roƙon Dagatai da Masu Unguwanni da limamai na Toranke da Balare da Gafasa da sauran gundumomin Ajingi su karanta wa jama'arsu wannan bayani. Muna kuma fatan ma'aikatan lasin za su riƙa sauƙaƙa wa mutumin ƙauye, su gama masa aikinsa a zuwa ɗaya, gama wanda aka ce ya komo gobe har sau uku da wuya ya sake komowa, sai ya hau babur haka nan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya kiyaye mu a hanyoyinmu, amin.