Sunayen 'Yan Mazan Jiya Suna Gogewa: Yadda Za Ka Sa Kansila Ya Amsa

Kowace shekara, idan 15 ga Janairu ta matso, sai ka ga an tashi leburori da bokitin farar ƙasa da tsintsiya an nufi dandalin tunawa da sojoji. A share, a nome ciyawa, a shafe ginin fari fat. Ranar biki manya su hallara, a busa bigila, a ajiye furanni, a watse. Daga nan kuma sai baɗi. Sauran watannin na awaki ne da masu liƙa fastar 'yan siyasa da masu kewayawa bayan katanga. Na taɓa tsayawa gaban irin wannan gini a wani gari ina ƙoƙarin karanta sunayen da aka sassaƙa a jikinsa, amma fenti kan fenti ya cike ramukan haruffan. Sai da na bi da yatsa kafin na gane wani Musa da wani Garba. Sauran sun nutse.

Masu waɗannan sunaye ba baƙi ba ne. A rundunar da Turawan Ingila suka kafa ta Afirka ta Yamma, Hausa ce harshen bariki saboda yawan mutanenmu a cikinta. Sun yaƙi Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, aka kuma kwashe su zuwa Gabashin Afirka, kuma don tunawa da waɗanda suka kwanta dama a wannan yaƙi aka gina wuraren da ke Lakwaja da Zariya da Ibadan da Kalaba. A yaƙin duniya na biyu Runduna ta 81 da ta 82 suka shiga dazukan Bama suka gwabza da Japan. Mutumin Kaduna da ke wuce barikin Kalapanzin ko na Dalet kullum, sunayen koguna ne na yankin Arakan da ke Bama yake ambata, inda kakanninmu suka yi ta fama da ruwa da sauro da harsashi. Bayan su ga na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ranar ƙarewarsa ce ta zama ranar tunawa da 'yan mazan jiya a Nijeriya, ga na Laberiya da Saliyo, ga waɗanda ake ta binnewa yau daga Arewa maso Gabas.

Na san akwai mai cewa, "Mu Musulmi ina ruwanmu da gumaka?" Ba zan yi jayayya da shi a kan mutum-mutumi ba, wannan fagen malamai ne. Abin da nake magana a kai jerin sunaye ne, wato rajistar matattu da aka rubuta a dutse maimakon takarda. Ga iyalai da dama, ita kaɗai ce shaidar cewa kakansu ya tafi bai dawo ba, tunda ba su ga gawa ba balle kabari. Kuma samun sunan ma sa'a ce. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da suka mutu a yaƙin duniya na farko, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba kamar yadda aka yi wa Turawa, har sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. Kaɗan ɗin da aka rubuta, mu kuma mu bari su goge a hannunmu?

Kuskuren farko da masu kishin abin ke yi shi ne kai kuka gidan da ba a yi mutuwa ba. Kafin ka ɗauki biro, binciki mai wurin. Idan cikin bariki yake, na soja ne, kansila ba shi da ta cewa. Idan babban dandali ne a hedikwatar jiha, galibi gwamnatin jiha ce ke riƙe da shi. Wasu na ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da Abubuwan Tarihi ta Ƙasa, wasu kuma kaburbura da allunan yaƙin duniya na hannun waccan hukuma ta Commonwealth, wadda ke da jerin sunaye a intanet da kowa zai iya dubawa kyauta. Amma ko da dutsen na wani ne, filin da ke kewaye da shi, da kwatar da ke ambaliya a gindinsa, da bolar da aka tara masa, da rumfunan da suka toshe shi, duk na ƙaramar hukuma ne. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kula da maƙabartu da lambuna da filayen jama'a da magudanan ruwa da kwashe shara. Riƙe wannan da kyau, domin amsar da za ka fara ji a sakatariya ita ce, "Ai ba huruminmu ba ne."

Wannan zillewa ba a kanmu aka fara ba. A Birtaniya, inda ake ƙiyasta wuraren tunawa da yaƙi sun kai dubu ɗari, akwai doka tun 1923 da ta ba ƙananan hukumomi ikon kashe kuɗi wajen gyara su. Iko ta ba su, ba ta wajabta musu ba, don haka can ma sai mutanen gari sun bi da takarda da naci kafin a motsa. Ɓarayin ƙarfe kuma sun sha ɓalle allunan tagulla suna sayarwa, yana cikin abin da ya sa aka tsaurara dokar cinikin tsoffin ƙarafa a 2013. Wanda ya ga yadda 'yan jari-bola ke yi da murafun kwata a garuruwanmu ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Yanzu batun kansila. Yawancinmu a wurin ɗaurin aure ko bakin masallaci muke tare shi, mu ce, "Honarabul, wurin nan fa ya lalace." Ya ce, "In sha Allahu za a duba." Ya shiga mota, maganar ta bi iska. Ba lallai mugunta ba ce. Mutum hamsin ne suka tare shi a ranar, kowa da takardar asibiti ko kuɗin makaranta, kuma matattu ba sa zaɓe. Maganar fatar baki ba ta shiga fayil, abin da bai shiga fayil ba kuwa ba a san da shi ba a ofishin gwamnati.

Saboda haka rubuta. Shafi ɗaya ya isa. A sa wa shugaban ƙaramar hukuma, a ba kansilan mazaɓa kwafi, a ba shugaban majalisar kansiloli da shugaban sashen ayyuka nasu. A faɗi inda wurin yake, da abin da ya same shi, a haɗa da hotuna masu kwanan wata. Kada a ce "a gyara mana wurin" kawai, wannan roƙo ne da ba shi da baki balle a kama. A nemi abu ƙarami takamaimai: a kwashe bolar da ke gabas da ginin, a cire fastoci, a mayar da ƙyauren da ya karye, a turo jami'in ayyuka ya duba tsagar da ke gindin dutsen. Buƙatar da ba ta wuce aikin leburori huɗu da baro ba, da wuya a ce babu kuɗinta.

Ga inda mutane da yawa ke faɗuwa: su miƙa takarda ga masinja ko wani yaron ciyaman su juya. A'a. Kai ta ofishin rajista da kanka, da kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu. Wannan kwafin shi ne makaminka. Ranar da aka ce ba a ga takardarka ba, sai ka zaro shi ba tare da ɗaga murya ba.

Kuma kada ka tafi kai kaɗai. Takardar da ke ɗauke da sa hannun mai unguwa ko dagaci, da reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, da shugaban makarantar da ke kusa, da jikokin waɗanda sunayensu ke jikin dutsen, nauyinta daban ne, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Abin da za ku roƙi kansila shi ne ainihin aikinsa: ya gabatar da ƙuduri a zaman majalisa, a rubuta shi cikin bayanan zama, a kuma saka gyaran cikin kasafin kuɗi. Shi ya sa lokaci ke da muhimmanci. Wajen ƙarshen shekara ake tsara kasafi, wanda ya zo da kukansa ana saura mako guda biki, farar ƙasa kawai zai samu. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuna da bakin tambayar ina aka kwana, ko da ciyaman zai ce har yanzu kuɗin bai iso hannunsa yadda aka ce ba.

Idan mako uku ya wuce shiru, a sake rubutawa, a ambaci ranar takardar farko. Idan an sake yin gum, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ta ba kowa damar neman bayani a rubuce ba tare da faɗin dalili ba, ta kuma ba ofis kwana bakwai ya amsa. Tambayi abu mai amsa ɗaya: nawa aka ware wa wurin a shekaru uku da suka wuce, kuma wa aka ba aikin? Bayan haka ne gidan rediyo ke da amfani, ka je da kwafin takardunka mai hatimi. Amma ka kiyayi zagi da ƙazafi a Facebook. An sha kama mutane da dokar laifukan intanet ta 2015 a kan rubutu irin wannan, kuma kansilan da ka ci wa mutunci a bainar jama'a ba zai ƙara ɗaga wayarka ba. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Gargaɗi mafi girma kuwa na masu kyakkyawar niyya ne. Matasa su gaji da jira, su yi karo-karo, su sayo burushin waya da ruwan batir da fentin mai da siminti. Garin gyaran gira a rasa ido. Burushin waya yana cinye fuskar dutse tare da haruffan, asid yana ƙona tagulla, fentin mai yana kulle danshi a ciki har dutsen ya fara ɓarewa, siminti kuma ya fi tsohon gini tauri, sai ya tsaga abin da aka liƙa shi a kai. Shara da cire ciyawa ba laifi, da izinin mai wurin. Jikin dutsen kuwa, ruwa mai tsabta da burushi mai laushi ne iyakarku, abin da ya wuce haka na masana ne. Haka nan duk wanda ya zo tara kuɗin gyara ba rasit ba kwamiti, a bar shi ya wuce.

Abu ɗaya ne ba ya jiran izinin kowa, kuma a fara da shi tun kafin takarda. A je da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke bugun dutsen ta gefe har inuwa ta fito da haruffa, a ɗauki hoton kowace fuska, a kwafe sunayen ɗaya bayan ɗaya da lambar soja da muƙami idan akwai. A ajiye kwafi a fadar hakimi, wani a makaranta, wani a manna a bayan takardar da za a kai sakatariya.