Katangar Gidan Gangare da Hakkin Maƙwabci

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya yi mata tudu da kwari, ya saukar da ruwa daga sama ya hore masa gangarawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan bayani ne a kan wata irin katanga da ta zama tilas ga mutane da yawa a Jega da Aliero da Maiyama, watau wadda ake ginawa don ta tokare ƙasa a gidan da ke kan gangare. A ido kamarta ɗaya da sauran katangu, amma aikinta dabam ne, kuma rashin sanin wannan bambanci yakan jawo hasarar dukiya, da ɓacin zumunci tsakanin maƙwabta, wani lokaci har da hasarar rai.

Fasali na farko: abin da ya kai mutane gangare

Al'adar magabata ce su zauna a tudu su bar fadama ga noma. Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega wajen shekarar 1820 a gefen gulbin Zamfara, kasuwarta kuwa ta yi suna har fataken goro na hanyar Gwanja suka riƙa yada zango a cikinta. A wancan zamani fili yana da yalwa, babu mai bukatar ya raɓi bakin kwari. Amma tun da aka yi Jihar Kebbi a 1991, aka kuma kafa jami'a a Aliero a 2006, garuruwan nan sai faɗaɗa suke yi. Kuɗin albasa da na shinkafa suna komawa gini, shimfiɗaɗɗen fili ya yi tsada, sai jama'a suka shiga sayen gangare da gefen tsohon kududdufi.

Wanda ya sayi irin wannan fili ɗayan biyu yake yi. Ko dai ya yanke tudu ya kwashe ƙasa, ko kuwa ya kawo ciko ya ɗaga wajen da ya yi ƙasa. Ko wanne ya yi, sai gaɓa ta fito a kan iyaka, ƙafa 3 ko 4, wani wurin har 6, sa'an nan a ɗora wa katangar iyaka aikin riƙe ta. Da rani ƙasar takan bushe ta yi tauri kamar dutse, mai gida ya sakankance. Sai ruwan Yuli da Agusta ya jiƙe ta har ciki, sa'an nan gaskiya ta bayyana. Ambaliyar 2010 da ta 2012 da ta 2020 kowa ya ji labarinsu, domin gulabe ne suka cika suka cinye gonaki. Katangar da ta faɗa wa ɗakin kwana da tsakar dare kuwa, labarinta ba ya wuce unguwa.

Fasali na biyu: nauyin da ke bayan katanga

Katangar zagaye ba ta ɗauke da komai sai nauyin kanta da bugun iska. Mai tokare ƙasa kuwa ana tura ta daga baya dare da rana. Wani injiniyan sojan Faransa mai suna Kulom ya yi lissafin wannan turi tun 1773, kuma a kansa masana gini suka ɗora har yau. Ga misalinsa yadda ɗan kasuwa zai gane. In busasshiyar ƙasa mai yashi ta kai ƙafa 3 a bayan katanga, kowane yadi ɗaya na tsawon katangar yana shan turi kimanin nauyin buhun siminti 5. In ta kai ƙafa 6, mai lissafin gaggawa zai ce buhu 10, alhali kuwa buhu 20 ne, domin in an riɓa tsayi biyu, turi yakan riɓa huɗu. In kuwa ƙasar ta ƙoshi da ruwa, ruwan bai sami mafita ba, sai lissafin ya haura buhu 40.

Daga nan mai hankali zai gane cewa ruwa ne babban abokin gaban wannan katanga. Sau da yawa mai gida yakan ƙara siminti, ya yi yaɓe mai kyau ciki da waje, ya toshe kowace kafa, yana zaton ƙarfi ya ƙara mata, ashe madatsar ruwa ya gina a bisa kan maƙwabcinsa. Bulo mai inci 6 wanda cikinsa holoƙo ne ba zai iya da wannan kaya ba. Katangar tubali kuma, in damshi ya dawwama a gindinta ta baya, narkewa take yi.

Fasali na uku: yadda ake gina ta

Na farko, a kau da ruwan sama tun bai isa bayanta ba. Rufin da ya kai ƙafa 30 tsawo da ƙafa 30 faɗi, in an yi ruwan inci ɗaya, yakan zubo da abin da zai cika durom 10. Kada a bar indararo ya riƙa tsiyaya a kan ciko. A yi masa magudana ta siminti wadda za ta kai ruwan kwatar hanya.

Na biyu, a haƙa harsashi har a sami ƙasar asali mai tauri, kada ya gaza ƙafa 2, kuma kada a kafa shi a kan ciko. Katangar dutse nauyinta ne ƙarfinta, saboda haka faɗin gindinta ya kai rabin tsayinta: mai ƙafa 4 a ba ta gindi ƙafa 2, tana sirancewa zuwa sama, ta ɗan jingina wajen ƙasar da take riƙewa, kamar inci ɗaya a kowace ƙafa. Dutsen marmara ya dace da wannan aiki. In da bulo za a yi, to mai inci 9, a kafa rodi tun daga cikin harsashi, a cika ramukan da kankare.

Na uku, shi ne mafi girma, kuma shi aka fi mantawa. A zuba tsakuwa a bayan katangar, kaurin ƙafa ɗaya, daga gindi zuwa kusa da sama, a rufe bisanta da laka. A bar rariya, wadda wasu ke kira wuriya, a kowace ƙafa 5 ko kusa da haka, da bututu mai inci 3, ɗan sama da ƙasar waje, a tare bakinta na ciki da ƙananan duwatsu don kada ƙasa ta toshe ta. Tun da yake rariyar za ta fitar da ruwa, ya kamata mai gini ya ja katangarsa baya kaɗan daga iyaka, ya yi 'yar magudana a gindinta cikin filinsa.

Na huɗu, kada a yi gaggawar ciko. A shayar da ginin ruwa mako guda, a kuma sani siminti ba ya kai ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Sa'an nan a riƙa zuba ƙasa inci 6, a daɓe, a ƙara.

Na biyar, kada a ɗora kaya a bakin gaɓar. Tankin ruwa, da rumbun albasa, da wurin ajiye mota, duk a nisanta su. Ramin masai ya fi su haɗari, domin shi kullum cikin jiƙa ƙasa yake. Dogon yaro ma, saiwarsa takan tsaga gini, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In gaɓar ta wuce ƙafa 4, aikin ya fi ƙarfin ƙiyasin birkila, sai a nemi injiniya. Wanda ba shi da halin haka ya raba gangaren hawa-hawa, katanga biyu masu ƙafa 3, a bar kamar ƙafa 6 a tsakaninsu. Akwai kuma kwandon waya da ake cikawa da duwatsu, irin wanda ake gani a bakin wasu gadoji, shi ruwa ratsa shi yake yi ya wuce. Inda gangaren bai yi tsanani ba, layin jema ko gamba da aka dasa a gicciye yakan riƙe ƙasa da saiwarsa, a kuma sami abin zana.

Fasali na huɗu: abin da malamai suka faɗa

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurin malamai. Suratut Tauba ta buga misali da mai kafa gini a bakin gaɓa mai zabtarewa, Suratul Kahfi kuma ta ba da labarin bawan Allah da ya tsai da katangar marayu biyu tana gab da faɗuwa. Ibnur Rami, magini ne a birnin Tunis a ƙarni na takwas na Hijira, ya tara hukunce-hukuncen gini na mazhabar Malikiyya a littafi guda. A nan gida kuma, Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu ya kammala littafinsa na muhimman mas'alolin shari'a a 1836, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, a ciki har da mas'alolin gini da maƙwabtaka. Ke nan ƙasar da Jega da Aliero da Maiyama suke ciki ta daɗe da sanin shari'ar katanga.

Asalin hukuncin shi ne hana cuta. Risala ta Ibnu Abi Zaidi ta lissafa haƙan da zai cuci maƙwabci cikin abin da aka hana, ko da a cikin mulkin mai haƙan ne. Saboda haka na ƙasa ba shi da ikon ya yanke tudu har gindin ginin na sama, ya ce ai filinsa ne. Haka na sama, in ya tara ciko ya jingina shi da katangar da ba a gina don haka ba, ko ya karkato da ruwan rufinsa gidan wani, ya ƙago cuta sabuwa, malamai kuwa sun bambanta tsohuwar hanyar ruwa da aka tarar da wadda aka ƙago, sabuwar ita ake umurni a kawar.

Game da katangar da ta karkata, Muhtasar na Shehu Halilu ya ɗora lamuni a kan mai ita in abu uku sun haɗu: ta karkata, an gargaɗe shi, ya kuma sami lokacin da zai iya gyarawa bai gyara ba. In ta faɗi bayan haka ta hallaka dukiya ko rai, yana wuyansa. Saboda haka wanda ya ga katangar maƙwabcinsa ta sunkuyo masa, ya faɗa masa da lalama a gaban shaidu, in bai ji ba ya kai ga mai unguwa, in ta ƙi a je gaban alƙali.

Kammalawa

Katanga ba ta faɗuwa ba tare da ta yi sallama ba. Takan yi ciki a tsakiya, ko ta tsage a gicciye, ko ƙasar da ke bayanta ta rabu da ita ta bar rami, ko a ga rariya a bushe alhali an kwana ana ruwa. Wanda ya ga ɗayan waɗannan, ya fara da ɗauke shimfiɗar yara da turken dabbobi daga gindinta a ranar, sa'an nan ya nemi magini. Lokacin gyara kuwa rani ne, sa'ad da ƙasa ta bushe, kuɗin albasa kuma suka shigo hannu.

Ya kamata malamai su riƙa tuna wa jama'a wannan babi a wurin karatu kafin faɗuwar damina, attajirai kuma su sa kuɗin tsakuwa da bututu cikin lissafin gini tun farko, domin kuɗinsu bai kai na ƙyauren ƙofa mai ado ba, araha kuwa ba ta ado. Wanda ya ba ruwa hanya cikin filinsa, ya tsare dukiyarsa, ya kuma sauke hakkin wanda ke kwana a ƙarƙashinsa.

Allah ya tsare gidajen Musulmi da na maƙwabtansu, ya sa damina ta zo da albarka. Allah shi ne mafi sani. Tamat.