Ciki a Gaba, Goyo a Baya: Kula da Mai Tatata Kafin Ƙaninsa Ya Iso

Uwargida, idan kika duba layin awon ciki za ki ga ba ke kaɗai kike zuwa da goyo a baya ko ɗan yaro riƙe da gefen zani ba. Mata da yawa sukan sami ciki tun wanda suke shayarwa bai cika shekara biyu ba, wato abin da ake kira kwanika ko rurrutsa. A irin wannan lokaci hankalin gida duka yakan koma kan cikin, ana tanadin kayan jariri, ana maganar ragon suna. Wanda akan manta da shi shi ne wannan mai tatata, alhali tsakanin shekara 1 zuwa 3 jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suna cikin ginuwa, kuma abin da ya rasa a lokacin yana da wuyar mayarwa daga baya.

Nonon mai ciki

Da zarar an gane kina da ciki, abu na farko da za a ce miki shi ne ki cire yaro daga nono yau ɗin nan, wai nonon ya gurɓace, zai sa masa gudawa. Iyayenmu da suke faɗin haka ba mugunta suke nufi ba, sun ga yara da yawa sun lalace bayan uwarsu ta sami ciki. Sai dai ba nonon ne ya lalata su ba. Ciki ba ya mayar da nono guba. Abin da yake faruwa shi ne nonon yakan ragu wajen tsakiyar ciki, ɗanɗanonsa ya ɗan canza, har wasu yaran su yaye kansu. Idan nono ya ragu ba a ƙara wa yaro abinci ba, dole ya rame.

Saboda haka idan cikinki lafiya yake, kina iya ci gaba da shayarwa, amma ki ƙara cin abinci, ki kuma riƙa shan maganin ƙarin jinin da aka ba ki, domin mutum uku kike ciyarwa. Idan kuwa kina ganin jini, ko mararki tana murɗawa, ko kin taɓa haihuwar bakwaini, ko hoto ya nuna tagwaye ne, to ki gaya wa likita ko nas cewa kina shayarwa, su za su faɗa miki ko ki dakata.

Yaye

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da yaro har shekara 2 ko fiye, Alƙur'ani ma shekara biyu ya ambata. Daga wata 12 zuwa 24, nono yana ba yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa yake bukata, ga kariya daga cututtuka.

Yadda aka saba yaye kuwa kin san shi. A shafa wa nono maɗaci, da sassafe a ɗauke yaro a kai shi gidan kakarsa a wata unguwa ko wani gari. A rana guda ya rasa nono, ya rasa uwarsa, ya rasa shimfiɗar da ya saba. Sai ya ƙi cin abinci, a riƙa lallaɓa shi da koko tsararo. Bayan 'yan makonni ƙafafunsa su kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ya daina wasa. Wannan ita ce tamowa mai kumburi, wadda likitoci suke kira kwashiyoko. Sunan ma daga irin wannan hali ya samo asali. Kalma ce ta harshen Ga na mutanen Accra a Ghana, ma'anarta ciwon da yake kama yaro idan an yi masa ƙani, kuma likitar yara Cicely Williams ce ta shigar da ita rubutun likitanci a shekarar 1935.

Idan za ki yaye, ki bi a hankali cikin makonni. Ki fara da cire shan rana guda ɗaya, ki sa abinci a madadinsa, bayan 'yan kwanaki ki cire wani. Na dare shi ne na ƙarshe. Idan dole sai ya je wurin kaka, to ya zamana ya riga ya saba da ita, ya kuma iya cin abinci sosai, sannan katinsa na asibiti ya tafi tare da shi.

Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar da yawa a lokaci guda. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar abinci sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani. Kunu ya yi kaurin da zai tsaya a cokali, a sa masa niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin waken suya, da ɗan mai. Tuwo ya sha miya, ba a dangwala ba. Wake, alale, awara, ƙwai, busasshen kifi da aka daka aka cire ƙaya, zogale, alayyafo, kabewa, gwanda da mangwaro, duk abincinsa ne, kuma duk suna kasuwar unguwa. Maganar cewa ƙwai yana koya wa yaro sata ba ta da tushe. Ki zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, ki zauna kusa da shi. Yaron da aka haɗa da yayyensa a tire ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun siɗe kwano, ke kuma ki ɗauka ya ƙoshi.

Maigida, a nan ne aikinka yake. Kuɗin ƙwai ɗaya ko ƙullin kifi a cefanen yau bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Tafiya da magana

Kada ki gwada ɗanki da na maƙwabta. A binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda aka yi a ƙasashe biyar har da Ghana, an ga yara masu lafiya suna fara tafiya da kansu tun daga wata 8 har zuwa kusan wata 18. Wajen shekara ɗaya yaro yakan fara kiran mama da baba, ya miƙa hannu a ɗauke shi, ya nuna abin da yake so da yatsa. Idan ya kai shekara 2 yana gudu, yana hawa kujera, yana haɗa kalma biyu kamar “ba ni” ko “mama zo”. A lokacin ne kuma yake koyon kalmar “a'a”, ya yi ta birgima a tsakar gida don an hana shi wuƙa. Ba lalacewa ya yi ba, yana son abu ne bai da bakin faɗa. Duka ba ya rage birgima. Ki ɗauke wuƙar, ki bar shi ya huce, ki jawo hankalinsa kan wani abu.

Magana daga bakin mutane ake koyonta. Ki riƙa yi masa hira kina tankaɗe, kina faɗa masa sunan abin da kike riƙe da shi, kakarsa ta yi masa tatsuniya. Wayar da ake miƙa masa don ya yi shiru ba ta amsa masa idan ya yi gwaranci.

Ki kawo shi a duba idan ya cika wata 18 bai fara tafiya ba ko ba ya faɗin kalma ko ɗaya, idan ba ya waiwayowa in an kira sunansa, idan ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko kuma ya daina yin abin da da ya iya. Sau da yawa matsalar a kunne take, kuma gano ta da wuri yana da amfani.

Ba haƙori ba ne

Fitowar haƙori takan sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi, amma ba ta kawo gudawa mai yawa ko zazzaɓi mai zafi. Yaron da yake sa duk abin da ya tsinta a baki, ƙwayar cuta ce take sa shi gudawa. Ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari na fakiti yadda aka rubuta a jiki, a ba shi ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, kuma kada a hana shi abinci ko nono. Ki guji maganin haƙori na kanti. A ƙarshen 2008 da farkon 2009, wani irinsa da ya gurɓace ya kashe yara fiye da 80 a Nijeriya. Zazzaɓi kuwa, a gwada jini a ranar. Idan ya fara jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani jiƙo a baki, a taho asibiti.

Idan jariri ya iso

Kwanakin jego su ne mafi haɗari ga mai tatata, domin gida ya cika da mutane, kowa yana zaton wani yana kallonsa. Tukunyar ruwan wankan jego tana tafasa a tsakar gida, ga bokiti cike da ruwa, ga rijiya a buɗe. Yaro yana iya nutsewa a bokiti ba tare da an ji motsinsa ba. Tun yanzu ki zaɓi mutum ɗaya babba wanda aikinsa shi ne wannan yaro, ba yayarsa 'yar shekara shida ba. Ki ɗaga jajayen ƙwayoyin ƙarin jininki sama, domin suna kama da alewa, kuma idan ya haɗiye da yawa suna iya kashe shi. Kada a zuba kananzir a gorar lemo. Idan har ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin kananzir ɗin yana iya shiga huhunsa. A kawo shi ɗakin gaggawa na yara.

Zai yi kishi, kada ki yi mamaki. Wanda ya iya zama a kan fo zai iya komawa yi a wando, ya nemi a goya shi, har ya nemi nono. Ki bar shi ya taɓa ƙafar jaririn a gabanki, ki aike shi ya ɗauko miki zani, ki ware masa ɗan lokaci nasa shi kaɗai ko da bayan isha'i ne. Kada dai a bar su su biyu a ɗaki.

Ranar da za ki dawo awo, ki sa katinsa a jaka tare da naki. A duba ko ya sami allurar ƙyanda ta biyu da ake yi a wata 15, da ɗigon bitamin A na duk wata 6, da maganin tsutsar ciki. A ɗora shi a sikeli, a kuma auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. Idan ya nuna rawaya, yana bukatar ƙarin abinci da sa ido. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko kuma ƙafafunsa biyu sun kumbura, a ranar za a fara yi masa magani.