Wankin Mota da Hannun Ungozoma

A gidan da aka yi haihuwa, ba kowa ake miƙa wa jariri ya yi masa wanka ba. Akwai 'yan mata majiya ƙarfi da za su gama tulin wanki kafin azahar, amma sai a tsallake su a kira kaka ko ungozoma. Ita kuwa ba da ruwa take farawa ba. Sai ta tanadi komai tukuna: baho, ruwan ɗumi da ta gwada da bayan hannu, sabulu marar kaifi, ƙyalle mai laushi, tawul a kan cinya, man shafawa a gefe. Ta san inda za ta zuba ruwa, ta san inda za ta tare da tafin hannu. 'Yan matan sun fi ta ƙarfi, ita kuma ta fi su sanin raunin abin da ke hannunta, shi ya sa ita ake kira.

Wannan sanin nake laluben sa a wuraren wankin mota na bakin titi, kuma da wuya in same shi. Yaro ya ɗebo ruwa bokiti guda, ya barbaɗa omo, ya ɗauko tsohuwar singileti, ya fara da taya, ya hau ƙofa, ya bi bonet, duk a tsakar rana. Ban ga laifinsa ba. Haka ya tarar ana yi, kuma abin da ake ba shi ba zai sayi kayan aiki na kirki ba. Mota ta fito tas, mai ita ya biya ya kama gabansa. Kafin shekara biyu baƙar mota ta koma ruwan toka, rana na haska ta sai ka ga siraran zane a zagaye ko'ina a jikinta. Sai a ɗora wa rana laifi, ko a ce kamfani ne ya yi ha'inci a fenti, alhali a wurin wanki aka yi ɓarnar, kaɗan-kaɗan.

Fentin mota fata ce, kuma siririya ƙwarai. Hawa-hawa ake fesa shi a masana'anta: na kare ƙarfe daga tsatsa a ƙasa, sai na share fage, sai mai launi, sannan wani garai-garai a sama wanda shi ne ke ƙyalli, shi ne kuma ke tare zafin rana. Tun wajen shekarun 1980 yawancin motoci haka ake musu. Duka hawan in an haɗa su, kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 150, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Na saman shi kaɗai bai cika wuce 40 zuwa 50 ba, wato kusan rabin kaurin takardar littafi. Duk kyan da mai mota ke alfahari da shi a kan wannan ɗan abin yake zaune.

Mu kuma ƙurarmu ba ta wasa ba ce. Hazon hunturu da ke rufe Kano da Zinder da Maiduguri, kaso mai yawa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe, kuma a hanya yana kwaso ɓarɓashin yashi. Ƙwayar yashi ta fi gilashin taga tauri, balle fenti. Don haka direban da ke fitowa kowace safiya ya goge mota da busasshen tsumma, da kyakkyawar niyya yake yi, amma yashi yake ja a kan fenti. Wannan al'ada ta fi komai cin raina, domin wanda ya fi ƙwazo shi ya fi ɓarna. Gara a bar ƙurar ta kwana uku a kan a share ta a bushe sau ɗaya.

Gwanin wannan sana'a, ko a Jamus yake ko a Abuja, ƙa'idarsa guda ce: datti ɗaga shi ake yi, ba dirje shi ba. Yana fara aiki a inuwa, bayan jikin motar ya huce, domin ƙarfe mai zafi yana busar da sabulu kafin a ɗauraye. Ƙafafu yake fara wankewa, da bokitinsu da burushinsu daban, saboda a nan ne ƙurar burki take, kuma ƙurar burki garin ƙarfe ce. Abin da ya taɓa taya ba ya sake taɓa bodi, kamar yadda ƙyallen da ungozoma ta share ɗuwawun yaro da shi ba ya komawa fuskarsa. Daga nan sai ya feshe motar da ruwa zalla, ya lulluɓe ta da kumfa, ya ba ta 'yan mintoci ta jiƙa, ya sake ɗaurayewa. Har zuwa nan hannunsa bai taɓa fenti ba, amma mafi yawan yashin ya riga ya bi ruwa.

Sai bokiti biyu. Ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla, kowanne da raga a gindinsa don yashi ya nutse ya zauna ƙasa. Ya tsoma safar wanki a na sabulu, ya wanke ƙofa ɗaya, ya ɗauraye safar a na biyu, sannan ya koma na farko. Daga rufi yake farawa ya gangaro, domin ƙasan mota ya fi datti. Yana jan hannu a miƙe, ba a zagaye ba, kuma ba ya dannawa. Safar ta faɗi ƙasa, aikinta ya ƙare a ranar. Kuɗin bokiti na biyu bai taka kara ya karya ba, amma babu wani abu mai araha da ya kai shi ceton fenti.

Batun sabulu ba ya buƙatar dogon bayani. Omo da sabulun wanke-wanke an yi su ne don su cinye maiƙo, kuma ba sa bambance maiƙon miya da kakin da aka shafa wa mota don kariya. Suna kwashe shi, suna kuma busar da robar gefen gilas har ta yi fari. Sabulun mota na gaskiya ba shi da kaifi, yana da santsi, santsin ne ke sa yashi ya zame maimakon ya yi zane. Bayan ɗauraya kuma ba a barin mota ta bushe da kanta, musamman in ruwan burtsatse ne, don yana barin farin tabo mai cin fenti idan rana ta gasa shi. Ana tsane ta da babban tawul mai laushi ko a hure ta da iska.

Wanki ya ƙare, amma fentin bai gama tsarkaka ba. Sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa bonet, za ka ji ƙuraje-ƙuraje. Garin ƙarfe ne da ya kafe, da ɗigon kwalta, da ƙaron itace. Akwai ruwan magani da ake fesawa, in ya haɗu da ƙarfen sai ya rikiɗe ya koma shuni-shuni yana narkar da shi. Abin da ya rage kuma ana cire shi da wani ɗanƙo mai laushi da aka ƙirƙiro a Japan, ana jan sa a hankali a kan fenti mai santsin ruwan sabulu, yana tsince datti yana haɗiyewa. Ana gamawa sai ka ji hannu yana zamewa ba tangarɗa.

A nan ne kwatancen da na ɗauko yake da iyaka, kuma iyakar ce abin lura. Jariri in an kuskura an kuje shi, Allah Yana warkar da fatar cikin kwanaki. Fenti ba ya tofowa. Folish da ake yi da inji don a ɓatar da zane, ba cike zanen yake yi ba, rage saman fentin yake yi har ya sauko daidai da zurfin zanen. Kowane zagaye yana cin 'yan maikiron, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan. Shi ya sa gwani yake fara auna kaurin fenti da ɗan ma'auni kafin ya kunna inji, ya gwada a ƙaramin wuri da mafi laushin magani, in bai isa ba sannan ya ƙara kaifi. Yana manna tef a gefuna da kusurwoyi, inda fenti ya fi siranta. Zanen da farce ke kamawa kuwa ya yi zurfi, sai dai a rage masa muni ko a kai wa mai fenti. Ina jinjina wa duk ma'aikacin da zai dubi mai mota ya ce, “Alhaji, wannan a bar shi haka, in na bi shi zan huda fentin.” Ya rasa kuɗin aiki a ranar, amma ya faɗi gaskiya.

Shafa mai bayan wanka shi ne kaki. Wanda aka fi so daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake kankaro shi, mai suna karnauba, a arewa maso gabashin Brazil. Ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80, amma a irin ranarmu wata ɗaya zuwa uku ya gaji. Akwai na haɗin masana'anta da ke kai wata shida, akwai kuma rufin siramik da ke kai shekaru in an shafa shi daidai. Kada dai mai talla ya ruɗe ka: siramik yana sa datti ya ƙi kamawa, wanki ya yi sauƙi, amma ba ya hana zane in aka koma ga singileti da bokiti guda.

Sai tambayar nan da ake yi da zarar an gama bodi: “Ranka ya daɗe, har da inji?” Mai mota ya gyaɗa kai, a ɗaga bonet, a saita bakin injin feshi, a buɗe masa wuta a kan injin da yanzu aka kashe shi. Nan ne aikin ungozoma ya fi fitowa fili. Tana wanke kan jariri, amma tana karkatar da shi, tana tare kunne da yatsa, tana kiyaye hanci, tana barin cibiya a bushe. Ba ta ce don akwai haɗari ba za a yi wanka ba. Ta dai san ƙofofin da ruwa ba zai shiga ba. Inji ma yana da nasa: bakin shaƙar iska, altaneta, akwatin fis, kan batir, ramukan fulogi, soket-soket na wayoyi, da kwamfutar motar in a nan aka ajiye ta.

Kowace ƙofa da irin masifarta. Ruwa ya taru a ramin fulogi, mota ta riƙa rawa tana shan mai, fitilar gargaɗi ta kama. Ya shiga soket, ba za a gani yau ba, sai bayan makonni ya yi kore, a yi ta yawo daga bakanike zuwa mai wayarin ana canza kayan da lafiyarsu ƙalau. Mafi muni ya bi ta hanyar iska ya sauka cikin silinda. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, fistin ya taso ya tarar da shi, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe, aiki ya zama sauke inji. Robobin da ke toshe soket an yi su ne don feshin ruwan sama da na kududdufi, ba don injin da ke harba ruwa da ƙarfin da ya haura bar 100 a ma'aunin matsi ba. Ga kuma zafi: inji mai aiki ruwansa yana wajen digiri 90, bakin salansa kuwa ɗaruruwa. Watsa wa irin wannan ƙarfe ruwan sanyi yana iya tsaga shi.

Saboda haka gwani yana jira har sai ya iya ɗora tafinsa a kan inji ba tare da ya janye ba. Ya tsince ganye da ƙasa, ya hure ƙura a bushe. Ya cire kan batir na nagetif, bayan ya sanar da mai mota cewa agogo da rediyo za su iya buƙatar saiti. Ya ɗaure wuraren nan da leda. Sannan ya fesa maganin maiƙo da aka sirka da ruwa, ya bi lungu-lungu da ƙananan burusai masu laushi, bai bari ya bushe a kan alminiyam ba don yana sa shi dabbare-dabbare. Ɗauraya da tiyo ne a hankali, ko ma da gorar feshi da tsumma, musamman a tsohuwar mota da wayoyinta suka bushe. Ya hure da iska, ya kwance ledojin, ya mayar da kan batir, ya tada motar ta yi minti goma zuwa sha biyar zafi ya kori sauran danshi. In zai shafa wa robobi mai, na ruwa-ruwa yake shafawa, kuma ba ya kusantar fambel, don santsi zai sa ta zame ta riƙa ƙara.

Wanke inji da fetur ko kananzir ko gas, wanda har yanzu ake yi a garejoji da dama, ya kamata a daina. Yana kumbura roba, yana bin kwata ya gurɓata ruwan unguwa, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi gobara. Motocin haibirid, masu haɗa fetur da lantarki, da suka fara yawa a titunanmu kuma suna da wayoyi masu ruwan lemo, waɗanda a Toyota Prius suke ɗauke da wutar da ta haura bolt 200. Wanda bai koyi aikinsu ba kada ya taɓa su, da ruwa ko ba ruwa.

Inji ba ya son wanka kullum. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar, tsakani kuma a riƙa sharewa da ƙyalle mai ɗan danshi. Amfaninsa ma ya wuce ado. A kan inji mai tsabta, ɗigon baƙin mai ko tsattsafin ruwan lagireto nan da nan yake bayyana, bakanike ya bi sawunsa har inda ya fito tun gyaran yana ƙarami. Wannan dalilin ne kuma ya sa mai sayen mota ta hannu ya kamata ya yi hattara in ya tarar da inji yana sheƙi a wurin dillali. Mai yiwuwa kulawa ce, mai yiwuwa kuma yoyo aka wanke. Ya nemi a tada motar, a zaga da ita na rabin awa, sannan a sake ɗaga bonet shi da bakanikensa su haska fitila a gefen murfin inji da ƙarƙashinsa.