Baset, Karen Farautar Zomo

Asalin karen nan Faransa ne, ana ce da shi Baset, watau gajere. Tsayinsa bai cika wuce inci 15 ba, amma ga dogon baya, ga kunnuwa zaro-zaro. Kada ka raina gajerun ƙafafun nan. Da hanci ya ke farauta, yana bin sawun zomo sannu sannu, maharbi na biye a ƙasa, ba sai da doki ba. In ya shaƙi warin nama fa, ko ka kira ba ya waiwaye, don haka riƙe shi da igiya. Ga kwaɗayi, auna masa abinci, gama ƙiba tana ɓata masa baya. Kunnuwan kuwa iska ba ta shiga, goge su kowane mako kada su yi miki.